Kama da Wane Ba Ta Wane

Inna ce ta fara cewa ba ita ba ce. Ta zura hannu cikin buhun, ta ɗebo shanshera a tafi, ta fita bakin ƙofa inda haske yake, ta yi ta juya ta da babban yatsa, sannan ta ɓare ƙwaya biyu da haƙori. "Wagga ba Sipi ta ba," in ji ta. "Akwai Sipi ciki, amma ba ita ɗai ta ba."

Dariya na yi. Ni na aiko da kuɗin irin daga Abuja, ni kuma na matsa wa Kawu ya daina shuka abin da ya ajiye daga girbin bara, ya je kasuwar Talata ya sayi ingantaccen iri. A lokacin na rubuta rahotanni da dama kan noman shinkafa, na zauna a tarurrukan otal inda ake nuna alƙaluma a bango, har na fara jin cewa na fi mutanen gidanmu sanin gonarsu. Ga shi kuma an rubuta "CP" ɓaro-ɓaro da baƙin alƙalami a jikin buhun. Na ce, "Inna, ai ga shi nan a rubuce." Ta dube ni, ta dubi rubutun da ba ta iya karantawa, ta mayar da shansherar cikin buhu ta kakkaɓe hannu. Matar da ta goye ni ce, kuma ta fi shekara talatin tana gumin shinkafa, wato turara ta da shanya ta kafin a kai injin casa. Ba ta sake cewa komai ba.

Gonar Kawu tana cikin filayen Bakolori, tsakanin Talata Mafara da Bakura, inda ruwan madatsar da ke ƙasar Maradun yake biyo manyan magudanai ya rarrabu zuwa fangali-fangali. An kammala madatsar a 1978 a kan gulbin Sakkwato, da niyyar shayar da kadada 23,000, kuma duk ɗan yankin ya san abin da aka biya: garuruwan da ruwa ya ci, da manoman da 'yan sanda suka buɗe wa wuta a watan Afrilun 1980 saboda sun nemi diyyar gonakinsu. Ba na kawo wannan don tonon tsohon miki ba. Ina so ne mai karatu ya san cewa a wajenmu kadada ɗaya ta noman rani ba abin wasa ba ce, kuma ba a yi mata gwaji da ka.

Aka yi reno, aka yi dashe, aka zuba taki na bashi. Wata biyu cur gonar tana kore shar, ba abin da ido zai kama. Sai da ta fara fidda kai asiri ya tonu. Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗan boko, shinkafarka ta yi hawa biyu." Wani sashe gajere ne, ya fidda zangarniya har ya fara sunkuyawa, wani kuwa ya yi masa zarra a tsawo, amma ko ciki bai gama yi ba. Kuma ba wai wannan na gabas wancan na yamma ba, a cakuɗe suke, gindi da gindi, cikin fangali guda.

Wanda bai taɓa noma ba zai ce ai sai a jira duka su nuna. Jira yana da tsada. Wadda ta riga ta nuna za ta fara zubewa, jan-baki kuma ba ya neman izini, ga hadarin farkon damina ya fara haɗowa ta gabas. Akwai kuma abin da shekarun nan suka ƙara mana: a ƙasar Maradun da Bakura, kowace rana da mutum zai ƙara a gona rana ce ta kasada, domin 'yan bindiga ma suna lissafin lokacin girbi. Masu yanka ba sa son zuwa sau biyu, in sun yarda ma sai an ninka musu. Kawu ya zaɓi tsakiya, ya yanke gaba ɗaya a rana guda, rabi ta wuce nuna, rabi da sauran madara. A wajen gumi ɗaya ta dahu ɗaya ba ta dahu ba, a inji ta kakkarye, a kasuwa dillalai suka taya ta tayin wulaƙanci. Da ƙyar aka biya kuɗin taki. Bai taɓa ce mini laifina ba ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da na zo gida na nemi mai irin, da niyyar rigima. Na tarar da dattijo mai natsuwa wanda ya rantse, kuma na yarda da rantsuwarsa, cewa shi ma a matsayin Sipi ya saya daga wani manomi, wanda shi kuma ya samu daga wani da ya taɓa karɓar irin tallafi shekarun baya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sunan ne ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu lafiya lau, irin kuwa yana canzawa a hanya.

Wannan ne ya sa na shiga neman amsar wata tambaya da ya kamata in yi tun kafin in aika kuɗi: wa yake raɗa wa iri suna, kuma da me ake tabbatar da cewa abin da ke cikin buhu shi ne mai sunan?

Sipi kanta misali ce. Asalinta wani layin shinkafa ne daga Taiwan mai lamba SIPI 692033. Masu bincike na Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja suka gwada ta, aka sake ta ga manoma a farkon shekarun 1990 da sunan Faro 44. Manoma suka yi watsi da lambar gwamnati suka riƙe guntun sunan asali, Sipi, masu rubutu a buhu kuma suka ji kamar haruffan Turanci ne, suka mayar da shi "CP". Iri ɗaya, suna huɗu. 'Yar'uwarta Faro 52, wadda aka sake a 2001, sunanta na bincike WITA 4, shi ya sa a kasuwa ake ce mata Wita. Dukansu dogayen ƙwaya ne, kuma in an zuba su a faifai sai gwani zai raba. A gona ne bambancin yake: Faro 44 gajera ce, tana nuna cikin kwana 110 zuwa 120, Faro 52 ta fi ta tsawo, tana ƙara mako biyu ko fiye. Mako biyun nan su ne suka cinye ranin Kawu.

Akwai littafin da ake rubuta waɗannan sunaye. Dokar soja mai lamba 33 ta 1987 ce ta kafa kwamitin ƙasa na raɗa suna da rajista da sakin nau'o'in amfanin gona da na dabbobi, kuma sakatariyarsa tana cibiyar adana iri ta NACGRAB a Ibadan. Kafin nau'i ya shiga littafin sai an gwada shi a gonar cibiyar bincike, a gwada a wurare daban-daban na ƙasa, a gwada a gonakin manoma, sannan ƙaramin kwamitin ƙwararru ya duba sakamakon ya miƙa wa babban kwamiti. Daga nan ne sunaye irin su Faro na shinkafa suke fitowa, da Samsorg na dawa, Sammaz na masara, Sampea na wake, Samnut na gyaɗa, waɗanda "Sam" ɗin da ke goshinsu yake nufin Samaru, mazaunin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Cibiyar tana da tashar binciken noman rani a nan Talata Mafara, wadda na sha wucewa ta gabanta tun ina yaro ban taɓa tambayar abin da ake yi a ciki ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake raba nau'i biyu masu kama. Ƙa'idar da duniya ta fi bi, wadda ƙungiyar UPOV mai mazauni a Janiba ta tsara, tana neman abu uku. Dole sabon nau'in ya bambanta a fili da duk wanda aka riga aka sani, ko da a siffa ɗaya ce. Dole tsirransa su yi kama da juna, kada a sami hawa biyu irin na gonarmu. Dole kuma in an shuka 'ya'yansa da jikokinsa su fito kamar uwarsu. A aikace, sai a shuka sabon kusa da waɗanda suka fi kama da shi, yawanci har zagaye biyu na noma, mutum ya tsuguna da ma'auni da takarda yana rubuta abubuwan da ni da kai ba mu taɓa lura da su ba: ko ganyen yana da gashi, ko ganyen ƙarshe da ke kusa da zangarniya a miƙe yake ko a kwance, ko akwai shuni a gindin kara, ko ƙwayar tana da gemu, kwana nawa kafin rabin gona ta fidda kai, tsawon ƙwaya da faɗinta, nauyin ƙwaya dubu. Da na karanta jerin sai na tuna da babban yatsan Inna. Abin da take yi ke nan a bakin ƙofa, sai dai ita ba ta da takarda, kuma ba wanda zai karɓi shaidarta.

A nan ne na gane inda ramin yake. Littafin Ibadan yana bayyana nau'i, ba ya bin buhu. Aikin bin buhu na Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ne, NASC, wadda take duba gonakin masu samar da iri, ta gwada tsabtarsa da tsirowarsa, ta manna takardar shaida. A 'yan shekarun nan ma ta fito da lambar da ake kankarewa a tura ta waya don a tabbatar. Tsari ne mai kyau ga wanda ya sayi iri a ƙulle daga kamfani. Amma mafi yawan irin da ke shiga ƙasa a Bakolori ba daga nan yake zuwa ba. Daga rumbun maƙwabci yake zuwa, ko daga tiyar ɗan kasuwa ranar Talata, kuma a can suna ne kawai shaida. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Lokacin da masu bincike na IITA suka ɗauki ganyen rogo daga gonakin manoma a sassan Najeriya suka gwada ƙwayoyin halittarsa, sun tarar da manoma da yawa da suke zaton ingantaccen iri suke nomawa alhali na gargajiya ne, da wasu da suke zaton na gargajiya ne alhali ingantacce ne. Mutum yana zuba taki da kuɗin ƙwadago gwargwadon abin da yake zaton ya shuka.

Abin takaicin shi ne shinkafa ba ta da wuyar riƙewa. Gero da masara iska ce take yi musu barbara, gonar maƙwabci tana shiga taka ko ka so ko ka ƙi. Shinkafa kuwa kanta take yi wa barbara, ƙalilan ƙwarai ne ke haɗuwa da wata. In ka ga ta gauraya, hannun mutum ne: tamfol ɗaya aka yi bugu a kai, buhun bara ba a kakkaɓe ba, ƙwayar da ta zube a fangali ta sake tsirowa cikin sabon dashe, ko ɗan kasuwa ya cika buhun da bai cika ba da wadda ta yi kama.

Cikin wannan neman ne na yi karo da wasu mutane da suka ba ni dariya da farko, daga baya suka ba ni kunya. Akwai wani ɗan tsiro mai cin ƙwari da Turawa ke kira Venus flytrap, masana kuma Dionaea muscipula. Ganyensa kamar baki ne mai haƙora. In ƙuda ya taɓa gashin da ke ciki sau biyu a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai ya rufe. Asalinsa wani ɗan yanki ne kawai na fadamun jihohin Karolina biyu a Amurka. Jinsi ɗaya ne tak, ba a cinsa. Amma masu sha'awarsa sun zaɓo nau'o'i sun raɗa musu sunaye fiye da ɗari: B52 mai manyan tarkuna, Akai Ryu mai ja tun daga gindi har baki, da wasu jajayen da dama da ko su kansu suke gardama a kan ko akwai bambanci tsakaninsu. Launin ma yana bin hasken rana, ta yadda tsiro ɗaya zai yi ja a wannan gida ya yi kore a wancan, kamar yadda Sipi take yin wani tsawo a laka wani a jigawa.

Yadda suka ɗaure bakin zaren shi ne abin lura. Tun 1998 ƙungiyarsu ta duniya ta masu tsirrai masu cin ƙwari take riƙe da rajistar sunayen. Wanda yake son sunan da ya raɗa ya tabbata sai ya wallafa bayanin siffofin da suka raba nasa da sauran, ya haɗa da hoton da zai zama ma'auni, ya faɗi yadda za a yaɗa shi ba tare da ya canza ba, wanda galibi ta hanyar raba gindi ko ganye ne, ba ta ƙwaya ba. Mai rajistar ba ya cewa nau'in yana da kyau ko ba shi da shi, ba ya ba kowa mallaka. Abin da yake tsarewa kawai shi ne kada suna ɗaya ya hau abu biyu, kuma in gardama ta tashi a sami abin komawa. Rajistar ba ta kashe gardamarsu ba, kuma har yanzu ana sayar da tsiron da ba shi ba da sunan B52. Duk da haka, mai shago a Jamus da mai saye a Japan suna da takarda ɗaya da hoto ɗaya da za su duba. Mu da muke ci da abin, muke biyan sadaki da kuɗin makaranta da shi, ba mu da ko shafi ɗaya da ya ce ga abin da ake nufi da Jamila a Talata Mafara, ko ita ce Jamilar da ake nufi a Kura ko a Argungu.

Ina ganin irin wannan ƙaramin littafi ne muka rasa, ba wata sabuwar doka ba. Littafin sunayen kasuwa: kowane suna da hotonsa a gona da a tafi, tsawonsa, kwanakin nunarsa, yadda yake a gumi da a tukunya, da sunansa na Ibadan in yana da shi. Aiki ne da tashar binciken Talata Mafara da kwalejin aikin gona ta Bakura da ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori za su iya cikin rani biyu, in sun zauna da mata masu gumi, domin su ne suka fi kowa taɓa ƙwaya.

Akwai wani dalilin da ya sa abin ya wuce maganar asarar rani ɗaya. A 2021 Najeriya ta yi dokar kare sababbin nau'o'in tsirrai, wadda take ba wanda ya ƙirƙiro nau'i haƙƙin mallaka na shekara 20, ko 25 in itace ne. Ba na adawa da ita; wanda ya kwashe shekara goma yana haɗa iri ya cancanci ya ci guminsa. Amma ka tuna sharaɗin farko, cewa sabon ya bambanta da duk wanda aka riga aka sani. Sani a wajen wa? Mai duba takarda abin da ke rubuce yake gani. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. Albasar Galmi, wadda manoman ƙasar Tawa suka yi shekaru aru-aru suna zaɓa har sunanta ya zagaye Afirka ta Yamma, an wayi gari wani kamfanin iri na Senegal ya nemi ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI ta ba shi mallakar nau'in da sunan Galmi ɗin. Sai da ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tayar da jijiyar wuya a 2009 kafin kamfanin ya saki sunan. Galmi ta tsira ne domin sunanta ya yi kauri, kowa ya san ta. Jar shinkafarmu ta fadamun Rima, 'yar asalin Afirka wadda aka fara nomawa a bakin Kwara shekaru dubbai kafin baƙuwar Asiya ta iso, tana da nau'o'in da ba wanda ya san sunansu sai tsofaffin ƙauye ɗaya ko biyu, kuma ƙauyukan nan da yawa yanzu sun watse.

Kawu bai jira littafi ba. Ranin da ya biyo baya ya ware fangali biyu a gefe don iri kawai. Da suka fara fidda kai ya riƙa shiga da sassafe yana tuge duk gindin da ya yi tsawo ko ya makara, abin da malaman gona ke kira cire bare. Da girbi ya zo ya yanke su daban, ya buga a kan sabuwar tabarma, ya ɗinke buhun da hannunsa. Shekara biyu ke nan gonarsa tana nuna rana ɗaya.

Abin da ban sani ba sai bara shi ne Inna ma ta yi nata. A wancan mugun ranin, kafin a yanke gonar, ta aiki yara suka tsinko mata zangarniyar doguwar, mai makarar, ta ɗaure ta rataye a ɗaki. Ta ce ta lura ba ta karyewa a inji in an bar ta ta nuna, kuma tana kumbura a tukunya. Ta sa Kawu ya ba ta fangali ɗaya a ƙarshen gona. Yanzu gida biyar a unguwarmu suna shuka ta, suna kuma kiranta 'Yar-baya, don tana zuwa bayan kowa. Na ɗebi tafi ɗaya na kai wa wani abokina malamin gona, ya duba, ya tambayi tsawonta da kwanakinta, ya ce Wita ce, Faro 52, ba wata ba. Na dawo na gaya wa Inna.

Tana sheƙa a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce ta san Wita tun kafin in shiga jami'a, bakin ƙwayar Wita bai kai wannan tsini ba, kuma ɓuntunta ya fi wannan duhu. Na buɗe baki zan ce ai malamin gona ne ya faɗa, sai na tuna da baƙin alƙalamin da ke jikin buhu, na yi shiru.

Ranar Talatar da zan koma Abuja wani mutumin Bakura ya yi sallama, ya ce an ce masa akwai iri a gidan nan da ba ya karyewa. Inna ta auna masa tiya uku. Ya ɗaure bakin buhunsa, ya ɗora a babur, sannan ya waiwayo ya tambayi Kawu sunanta, don in an tambaye shi a can ya san abin da zai ce. Kawu ya dube ni, na dubi ƙofar da Inna take ciki.

"Ka ce 'Yar-baya," in ji ta daga ciki. "Kuma kada ka haɗa ta da kowa."